BABI NA UKU: HAƊA NA'URAR BUGA RASIT DA SARRAFA TA A WURIN CINIKI

3.0 Shimfiɗa

A babi na biyu an yi bayanin yadda kwamfuta ta shigo harkar saye da sayarwa, har ta karɓi wani ɓangare na aikin da littafin lissafin mai kanti yake yi. A wannan babi kuwa za a duba ƙaramar na'urar nan da take fitar da rasit, wadda jama'a suka fi kira firinta. Za a bi ta tun daga fito da ita daga kwali har zuwa lokacin da za a yago takarda a miƙa wa mai saye. Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne, mafi yawan waɗannan na'urori da zafi suke rubutu, babu tawada a cikinsu ko kaɗan. Kusan duk wata ƙa'ida ta haɗa su da kula da su, da kuma babbar matsalar da take tattare da rasit ɗin da suke bugawa, daga wannan hali nasu ta samo tushe.

3.1 Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1879 ne wani mai mashaya da ake kira James Ritty, a garin Dayton na jihar Ohio ta Amurka, ya ƙirƙiro akwatin lissafin ciniki domin ya hana yaransa yi masa ɗauke-ɗauke. A 1884 John H. Patterson ya sayi kamfanin da yake ƙera akwatin, ya sa masa suna National Cash Register, kuma a hannun wannan kamfani ne ba wa mai saye takardar shaida ya zama al'ada. Ke nan tun asali ba don ado aka yi rasit ba. An yi shi ne domin a sami shaidar da mai dukiya da yaronsa da mai saye duk za su yarda da ita. Rubutu da zafi ya zo ne daga baya. A 1971 kamfanin Texas Instruments ya fitar da wata na'urar bugawa mai suna Silent 700, wadda aka sa mata wannan suna saboda ba ta da ƙarar da takwarorinta masu dukan takarda suke da ita.

A Nijeriya, abin da ya watsa waɗannan na'urori shi ne tsarin rage mu'amala da tsabar kuɗi wanda Babban Bankin Nijeriya ya fara gwadawa a Legas a 2012, sa'an nan ya faɗaɗa shi zuwa Kano da wasu jihohi huɗu da Abuja a 2013. Ƙarancin takardun kuɗi da aka shiga a farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, ya ƙara tura jama'a wurin masu POS. Ita kanta na'urar POS ta hannu akwai ƙaramar firinta a cikinta, kuma irin aikinsu ɗaya da babbar da ake ajiyewa a kan kanta.

3.2 Yadda Na'urar Take Rubutu

Idan aka buɗe murfin na'urar za a tarar da abubuwa uku muhimmai. Akwai kan rubutu, wato wani siririn layi mai kama da gilashi da ya ratsa faɗin takarda. Akwai gangar roba wadda take danne takarda a jikin kan, tana kuma jan ta gaba. Sai kuma wuƙar yanka, a na'urorin da suke da ita. A jikin kan rubutun an jera ƙananan ɗigogi masu ɗaukar zafi, yawanci guda 8 a kowace milimita. Idan na'ura tana son ta rubuta harafi, sai ta sakar wa ɗigogin da ake buƙata wuta na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, su yi zafi, su huce, takarda ta matsa gaba, a sake. Da haka ake gina harafi layi bayan layi. Manyan na'urori na kan kanta sukan fitar da takarda mai tsawon milimita 200 ko fiye a daƙiƙa ɗaya.

Sirrin aikin a jikin takardar yake. An shafe fuska ɗaya tata da wani haɗi mai ɗauke da rini marar launi, da kuma wani sinadari mai tayar da rinin. Muddin ba su narke sun gauraya ba, takarda fara take. Da zarar zafi ya taɓa wuri, sai su narke su haɗu, wurin ya koma baƙi. Abin lura a nan shi ne, takardar ba ta bambanta zafin kan rubutu da zafin rana ko na murhu. Haka kuma haɗuwar sinadaran biyu ba ta dindindin ba ce, tana iya warwarewa, rubutu ya dushe. Za a dawo kan wannan batu a ƙarshen babin.

Akwai wani nau'in na'urar da har yanzu bai ɓace ba, wato mai dukan takarda da ƙananan allurai ta bayan ribin mai tawada, kamar yadda tafireta take yi. Tana da ƙara da nawa, amma ita ake sa wa a ɗakin girki na gidajen abinci, domin tururi da zafin wuta ba sa ɓata rubutunta. Daɗin daɗawa, tana iya buga kwafi biyu a lokaci guda.

3.3 Haɗa Na'urar

3.3.1 Wuri da Wuta

Daga abin da ya gabata za a fahimci dalilin da ya sa zaɓen wuri yake da muhimmanci. Ba a ajiye na'urar inda rana take faɗo mata, ko kusa da murhu, ko a kan firiji inda zafin inji yake tasowa. A garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara yakan haura digiri 40, mai POS da yake zaune ƙarƙashin laima a bakin titi ya kamata ya adana sauran naɗin takardarsa a cikin jaka ko akwati, kada ya bar su a fili. Ƙurar hunturu ita ma abokiyar gaba ce, domin tana shiga tsakanin takarda da kan rubutu ta riƙa goge shi kamar sanfefa.

Yawancin na'urorin kan kanta da wuta mai ƙarfin bolt 24 suke aiki, ta hanyar adaftar da take zuwa tare da su. Kuskure ne a ɗauko wata adafta a jona don kawai bakinta ya shiga. Kasancewar wutar lantarki a ƙasar nan tana hawa da sauka, musamman lokacin da ake sauyawa daga wutar gwamnati zuwa janareta, ya fi kyau a bi da na'urar ta sitabilaiza ko ta akwatin ajiye wuta. Idan wuta ta yanke wuƙa tana tsakiyar yanka, wuƙar takan maƙale, murfi ya ƙi buɗuwa. A irin wannan hali ba a sa ƙarfi. A kashe na'urar a sake kunnawa, sau da yawa wuƙar za ta koma mazauninta da kanta. In ta ƙi, a gaban na'urori da dama akwai wani ɗan murfi, a ƙarƙashinsa akwai abin murzawa da ake mayar da wuƙar da yatsa.

3.3.2 Sa Takarda da Gwajin Farko

Takardar rasit iri biyu ce ta fi yawa: mai faɗin milimita 58, wadda na'urorin hannu suke ci, da mai faɗin milimita 80 ta manyan kantuna. Tun da fuska ɗaya ce kawai aka shafa wa sinadari, idan aka sa naɗin a juye na'ura za ta yi ta fitar da farar takarda ba rubutu. Wannan ne kuskuren da sababbin hannu suka fi yi, har wasu su ɗauka tawada ce ta ƙare. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A karta takardar da farce da sauri, fuskar da ta nuna baƙin layi ita ce mai sinadari, ita ce kuma za ta fuskanci kan rubutu. Sai a jawo bakin takardar ya ɗan leƙo waje, a rufe murfin har ɓangarorinsa biyu su kama.

Kafin a haɗa na'urar da kwamfuta, ya kamata a sa ta gwada kanta. Ana yin haka ne ta hanyar danne maɓallin da aka rubuta FEED a kansa, a kunna na'urar ba tare da an saki maɓallin ba. Za ta bugo takarda mai ɗauke da sunan samfurinta, da irin hanyar sadarwarta, da saurin da aka saita ta a kai, da adireshinta idan mai hawa layin kwamfutoci ce. Amfanin wannan gwaji shi ne raba gardama. Idan takardar gwaji ta fito sarai, to na'ura da takarda lafiyarsu ƙalau, duk matsalar da za ta biyo baya sai a neme ta a waya ko a kwamfuta. A ganin mai wannan nazari, wanda ya tsallake wannan mataki yakan ɓata yini guda yana neman cuta inda ba ta.

3.3.3 Jonawa da Kwamfuta

Hanyoyin jonawa sun bambanta. Mafi sauƙi ita ce wayar USB, wadda galibi abin da take buƙata shi ne a sa wa kwamfuta manhajar da ake kira direba, wato mai yi wa kwamfuta da na'urar tafinta. Tsohuwar hanya mai suna RS-232 tana tura bayani ne ɗaya bayan ɗaya, don haka dole saurin turawa ya zo daidai a ɓangarorin biyu. Idan kwamfuta tana turawa a kan 9600, na'ura kuma tana saurare a kan 38400, abin da zai fito tarkacen alamomi ne marasa ma'ana. Na'urar da aka ɗora a kan layin kwamfutoci kuwa, kwamfuta fiye da ɗaya za ta iya aika mata aiki, galibi ta ƙofa mai lamba 9100, amma wajibi ne a ba ta adireshi tsayayye. In ba haka ba, ranar da aka ɗauke wuta aka dawo da ita adireshin yana iya sauyawa, kwamfuta ta yi ta aika saƙo gidan da babu kowa. Ƙananan na'urori masu batir su kuma da Bluetooth ake haɗa su da wayar hannu.

Harshen da kwamfuta take yi wa na'urar magana da shi sunansa ESC/POS. Kamfanin Epson na Japan ne ya tsara shi, sauran kamfanoni da dama suka bi sahu. Umarni ne gajeru-gajeru: wannan ya ce a mayar da na'ura saitinta na farko, wancan ya ce a kaurara harafi, wani ya ce a yanke takarda. Wani umarnin kuma durowar kuɗi yake buɗewa. Mutane da yawa ba su san cewa durowar ba da kwamfuta ake jona ta ba, da bayan firinta ake jona ta, firintar ce take aika mata 'yar wuta ta saki ƙugiyarta. Ramin da ake sa wayar durowar ya yi kama da na wayar tarho ta girke, kuma masu ƙera na'urorin suna gargaɗi da kada a kuskura a jona layin tarho a wurin.

Abu na ƙarshe a nan shi ne gaya wa manhajar ciniki faɗin takarda. Takarda mai milimita 58, milimita 48 kawai ake rubutu a kai, wato ɗigo 384, wanda yake ba da harafi 32 a layi. Mai milimita 80 kuwa takan ɗauki harafi 42 ko 48, gwargwadon samfurin na'ura. Idan aka tsara rasit na harafi 48 aka tura wa ƙaramar na'ura, farashi zai gangaro layi na ƙasa ya rabu da sunan kayansa.

3.3.4 Matsalar Haruffan Hausa

Wannan batu ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Na'urar tana da jadawalin haruffa a cikin ƙwaƙwalwarta, kowane jadawali bai wuce gurbi 256 ba. Wanda aka fi samu a matsayin na asali shi ne PC437, wanda aka tsara wa kwamfutocin IBM na farkon shekarun 1980. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a cikinsa, haka nan babu alamar naira. Shi ya sa rasit da yawa suke amfani da harafin N ko NGN a gaban farashi. Idan mai kanti ya rubuta sunayen kayansa da Hausa daidai bisa ƙa'ida, abin da zai gani a gurbin haruffa masu ƙugiya shi ne alamar tambaya ko wani baƙon harafi. In kuwa ya cire ƙugiyar, yadi baƙi ya koma yadi baki, ƙara ta koma kara. Mai saye zai gane daga yanayin magana, amma dai ba rubutun Hausa ba ne.

Mafita biyu ce. Ta farko, a saita manhaja ta mayar da rasit ɗin hoto kafin ta aika shi, na'ura ta buga shi ɗigo-ɗigo ba tare da ta nemi harafin a jadawalinta ba. Wannan yana ɗan rage sauri, musamman a kan tsohuwar waya ko Bluetooth, amma kowane harafi yana fita. Ta biyu, harshen ESC/POS ya ba da damar mutum ya zana nasa harafin ya ɗora wa na'ura, sai dai zanen yakan goge idan an kashe ta, don haka dole manhaja ta riƙa sake aika shi. Matsalar dai tsohuwa ce. Masu buga kundaye da tafireta a da, da biro suke bi suna sa wa haruffa ƙugiya bayan sun gama.

3.4 Sarrafawa ta Yau da Kullum

Aikin yau da kullum ba shi da yawa. Idan jan layi ya fara bayyana a gefen takarda, alama ce ta naɗin ya kusa ƙarewa. Ba a fizgar takarda na'ura tana cikin bugawa, domin hakan yana cinye haƙoran da suke juya gangar roba. Idan rubutu ya fara fita a dushe, a kashe na'ura, a jira kan rubutu ya huce, a goge shi a hankali da auduga da aka jiƙa da sifirit, a bari ya bushe kafin a rufe. Masu ƙera na'urorin sukan ba da shawarar yin haka kamar sau ɗaya a wata uku, amma a lokacin hunturu ya kamata a matso da shi. Ba a kankare kan da reza ko allura. Farin layi siriri da ya sauko tun daga saman rasit har ƙasa, wanda gogewa ba ta kawar da shi ba, yana nufin ɗigo ya mutu, sai dai a sauya kan baki ɗaya. A na'urar hannu, raunin batir ma yana sa rubutu ya dushe, tun da zafin daga batir yake fitowa.

Takarda mai arha tana da nata sharrin. Shafinta ba ya da santsi, tana barin gari a kan rubutu, rubutunta kuma ya fi saurin gushewa. Araha dai ba ta ado. Akwai kuma batun lafiya. Sinadarin da aka daɗe ana amfani da shi wajen tayar da rini shi ne wanda ake kira BPA, kuma yana iya shiga jiki ta fata. Tun daga Janairun 2020 Tarayyar Turai ta hana sayar da takardar da wannan sinadari ya kai kashi 0.02 cikin ɗari na nauyinta. Wanda yake wuni yana yagar rasit ya kamata ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, ya kuma guji taɓa takardar da hannu mai maiƙo ko wanda aka shafa wa man kashe ƙwayoyin cuta.

3.5 Rasit a Matsayin Shaida

A kanti, rasit shi ne hujjar mayar da kaya. A wurin mai POS nauyinsa ya fi haka. Yakan faru a sa kati, banki ya cire kuɗi daga asusun mutum, amma na'ura ta nuna ciniki bai yiwu ba. A nan mai POS ba zai ba da kuɗi ba tun da bai karɓa ba, mai kati kuma ga saƙon cire kuɗi a wayarsa. Abin da zai raba su shi ne 'yar takardar nan. A jikinta akwai lambar na'ura, da kwanan wata da lokaci, da wani ɓangare na lambar kati wanda aka rufe tsakiyarsa, da lambar bin sawun ciniki mai gurbi 12 da ake kira RRN, da wata mai gurbi 6 da ake kira STAN. Akwai kuma lambar amsa: 00 tana nufin an amince, 51 kuɗin asusu bai isa ba, 55 lambar sirri ba daidai ba ce, 91 kuma ba a sami bankin mai kati ba. Da waɗannan lambobi ne banki yake gano cinikin a cikin dubban da suka wuce a ranar. A shekarar 2020 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna da su warware irin wannan matsala ta POS a cikin awa 72, maimakon kwana biyar da ake yi a da. Don haka wajibi ne mai na'ura ya buga rasit ko da ciniki bai yiwu ba, ya kuma tabbata agogon na'urarsa daidai yake.

Sai dai kamar yadda aka nuna a 3.2, wannan shaida ba ta da tsawon rai. Zafi yana baƙanta ta, hasken rana da maiƙo da gumi da sifirit suna dusar da ita. Roba mai laushi irin ta wasu jakunkunan aljihu, da salatif idan aka manna a kan rubutun, su ma suna cinye shi. Mai wannan nazari ya taɓa ganin wani dattijo da ya kai rasit ɗinsa wurin masu lamineshin domin ya adana shi da kyau kafin ya je banki, takardar ta fito daga injin baƙa ƙirin, domin da zafi injin yake liƙe robarsa. Abin da ya dace shi ne a ɗauki hoton rasit da waya tun a wurin cinikin, ko a yi masa fotokwafi a ranar, ko aƙalla a kwafe RRN da adadin kuɗi da kwanan wata da biro a wata takarda dabam. Shi kuma asalin a sa shi cikin ambulan na takarda, a ajiye a wuri mai sanyi da duhu. Mai na'ura a nasa ɓangaren ya kamata ya san yadda ake sake bugo rasit na cinikin da ya wuce, ya kuma riƙa buga jimillar cinikin yini kafin ya tashi, yana kwafe ta a littafinsa.